Ramukan Wata a Fallen Ƙarfe

Khairiyya tana tsaka da baje gari a cikin faffaɗan tire, tana shafe samansa da gefen rula don ya kwanta sumul, sai ta ji keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin get ɗin makaranta. Ta ɗaga kai ta leƙa ta taga. Mutum biyu ne suka sauko. Na farko gajere mai sanƙo, yana kokawar sauke janareta. Na biyu dogo, sanye da babbar riga ruwan ƙasa wadda ba ta barin akwati sai Juma'a ko sallah, ga shi kuwa yau Asabar. Rular ta nutse cikin garin.

Mahaifinta ne, Arzika mai walda, da amininsa Filibus mai gyaran fanka da janareta.

Yau ce ranar baje kolin kimiyya a makarantar da take koyar da fiziks a Arkilla, wata takwas ke nan da ɗaukarta aiki. An jera tebura a zauren taro, ɗalibai sai kai da komo suke da kwalaye da wayoyi. Babban baƙo shi ne Dakta Hayatu, malamin ilimin taurari a jami'a, wanda take fatan ya karɓe ta digiri na biyu a ƙarƙashinsa. Kwana uku da suka wuce ta je ofishinsa, yana duba takardunta yana dariya, yana ba ta labarin masu turo masa bidiyo a waya. "Wai rana ƙwan lantarki ce, Malama. Wai aradu ce ta fafe wata. In kin zo nan, irin wannan shirme a bakin ƙofa za ki ajiye shi." Ita ma ta taya shi dariya, har da rufe baki da gefen mayafi.

Abin da bai sani ba, shirmen nan a gidansu yake kwana yake tashi.

Shekara shida ke nan da Filibus ya shiga shagon Arzika a Runjin Sambo da waya a hannu, ya nuna masa wasu Turawa suna bayani, yana fassara masa. Suna cewa sararin sama cike yake da lantarki. Rana ba da kanta take ci ba, daga waje ake ba ta wuta kamar ƙwan fitila. Wutsiyar tauraro tartsatsi ce. Ramukan da ke fuskar wata kuwa ba duwatsu ne suka faɗo suka yi su ba, wata gawurtacciyar aradu ce ta bi ta ƙona wurin. Wani zai kalla ya ce ikon Allah, ya koma kan aikinsa. Arzika kuwa da ya ga hoton watan, sai ya juya ya dubi guntun ƙarfen da yake ƙyasta tsinken walda a kai kafin ya fara aiki. Ramuka ne birjik, zagayayyu, kowane da ɗan tudu a bakinsa. Tun daga ranar ya kamu. Mutumin da iyakar bokonsa ajin yaƙi da jahilci, wanda ya baro fadamar shinkafa ya zo birni da riga ɗaya, sai ga shi yana tara fallayen ƙarfe yana zana musu wata da wuta.

Khairiyya ta san amsar duk abin da yake faɗa. Ba ta taɓa gaya masa ba.

Ita ce 'yar fari, kuma Arzika mutumin da ne wajen alkunya. Tun da aka yanka mata rago bai taɓa kama sunanta ba. Ƙannenta yana kiransu gatsal, Gazali, Zahra'u, har da tsawa. Ita kuwa sai dai "waccan", ko ya yi gyaran murya ta gane da ita ake. In baƙo ya tambaye shi 'ya'yansa, daga Gazali yake fara lissafi. Tana ƙarama abin yana yi mata ciwo, ta sha laɓewa a bayan ƙyaure ko za ta ji ya yi suɓul da baka. Da ta girma ta gane cewa wannan shirun shi ne matsayinta, babu wanda yake da irinsa a gidan. In zai yi bayanin watansa, Gazali yake zaunarwa a tsakar gida, amma da muryar mai son a ji a ɗakin can. Ita kuma daga bayan labule sai ta ce, "To, Baba." Kullum to. Tana ganin ladabi take yi.

Makon jiya ta yi kuskuren ba mahaifiyarta Inna Saudatu labarin baje kolin, har ta ce an yarda masu sana'a su kawo abin hannunsu. Da safe saƙo ya dawo ta bakin Inna: "Ya ce a hwaɗa ma waccan, in da wuri, shi ma yana da abin nuni." Khairiyya ta ce to. A ranta ta ce ai kafin Asabar aiki zai sha kansa ya manta. Ita ce ta manta cewa rana ba ta ƙarya.

Ta karkaɗe hannunta ta fita da sauri. Kafin ta isa sun riga sun sauke injin walda da fallaye uku naɗe cikin buhunan shinkafa, sun jingine su da katanga. Mai keke ya juya ya tafi.

Filibus ya washe baki. "Ɗiyata! Ga mu mun iso. Tun asuba tsohon nan ya hana ni sakat, wai kada mu makara. Ina teburin namu?"

Ta ɗan rusuna. "Ina kwana, Baba Filibus." Ta juya wajen mahaifinta, ta ƙara yin ƙasa. "Baba, an zo lahiya?"

"Lahiya lau," in ji Arzika, yana duban wani wuri can sama da kanta, kamar yadda ya saba. Amma ta ga ya sa hular da aka wanke, ta ji ƙamshin turaren da yake ajiya don Idi. Idanunsa jajaye, waɗanda hasken walda ya cinye shekara talatin, suna ta zagaya ginin makarantar.

Ba ta kai ga cewa komai ba aka danna hon a bayansu. Motar shugabar makaranta ce, Madam Gloria, ga Dakta Hayatu a gefenta. Get ɗin ya yi wata uku da ɓallewar hinjin ƙasa da yake riƙe ƙyauren, sai maigadi ya ɗaga ƙyauren da kafaɗa yana jansa yana kukan tsatsa kafin mota ta shige. Yau ma haka aka fara, ƙyauren ya cije a rabi. Madam ta sauke gilashi, fuskar nan a murtuke don kunyar baƙo.

"Malama Khairiyya, su wane ne waɗannan da kaya haka a bakin ƙofa?"

Dakta ya leƙo yana murmushi. Iska ta ɗaga bakin buhu ɗaya, gefen fallen ya fito, har ana ganin rubutun da Filibus ya yi da farin fenti: WATA DA ARADU. Khairiyya ta matsa ta tare wurin da jikinta. Ta ji dariyar ofishin nan tana dawo mata a kunne, tata da tasa.

"Mai walda ne, Madam," ta ce. "Saboda get ɗin."

Rabin farko gaskiya ne, shi ya sa ya fita da sauƙi. Magana kuwa zarar bunu ce.

"Kai, madalla!" in ji Madam, fuskarta ta saki. "Kin ga irin malaman da nake so. Baba, don Allah a yi shi da kyau, ya ishe mu." Maigadi ya ƙara sa kafaɗa, mota ta shige.

Filibus ya saki baki yana kallonta kamar bai taɓa ganinta ba. Ta jira tsawa, ko tsaki, ko a ce Allah ya shirya. Da ma an yi mata hakan. Arzika kuwa ya cire hularsa, ya tuɓe babbar rigar a hankali, ya ninke ta gida huɗu, ya ɗora hular a kai, ya miƙa wa Filibus. Ya saura daga shi sai 'yar shara. Ya durƙusa gaban ƙyauren, ya shafa inda ya ɓalle da babban yatsa.

"Ƙarhen ya ci," ya ce, ba da kowa ba. "Filibus, tada injin."

"Arzika, wallahi ba wannan ya kawo mu ba."

"Nac ce tada injin."

Khairiyya ta tsaya kamar an dasa ta. Daga cikin zaure aka fara gwada lasifika, ana kiran malamai su hallara. Ta juya ta tafi, ba ta ko iya waiwaye ba.

Aka buɗe taro da addu'a, aka yi jawabai. Ita dai tana zaune a layin malamai, ba ta fahimtar ko kalma. Abin da take ji kawai gurnanin janareta daga bakin get, sai kuma shuɗin hasken nan da yake faɗowa kan bangon zauren ta taga, ya ɗauke, ya sake dawowa. A kusurwa akwai tebur guda da babu komai a kansa, wanda ta ce a bari ko da wani zai zo. Wata malama ta ɗora jakarta a kai.

Hasken nan ta fara sani kafin ta san harafi. Tana aji uku na firamare aka yi husufin rana, gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki, mata suna salati, maza suka nufi masallaci. Aka hana yara ɗaga kai. Ita tana rakuɓe a ƙofar shago tana kuka don tsoro. Bai kira ta ba, bai rarrashe ta ba. Sai dai ta ji an kifa mata garkuwar walda a fuska, an tallafi ƙeyarta an ɗaga sama. Ta cikin baƙin gilashin ta ga rana ta koma siririyar lauje, koriya, tana nan lafiyarta lau. Ta ji muryarsa a samanta yana cewa da Filibus, "Wata na yab biyo ta gabanta, yanzu shi wuce." Duk takardun da ta tara daga baya, daga cikin wannan gilashin suka fito.

"Malama Khairiyya, ajinki ne."

Ta miƙe ta yi ta maza. Ɗalibanta suka yayyafa garin cakulan mai ruwan ƙasa a kan farin garin da ke tire, suka riƙa sako duwatsu daga sama. Kowane dutse ya faɗa sai rami ya buɗe, farin gari ya fantsama a kewaye kamar yadda yake a hoton wata da suka manna a allo. Iyaye suka yi tafi. Sai ta ɗauki dutse ɗaya ta jefa shi a karkace. Ramin ya fito dogo, kamar sawun ƙafa a laka.

"To ga tambaya," ta ce. "Duwatsun sama ba duka ne suke faɗowa a miƙe ba, yawancinsu a karkace suke zuwa. Me ya sa kusan duk ramukan wata zagayayyu ne?"

Ta ba da amsa tiryan-tiryan. Ta ga Dakta Hayatu ya gyara zama, ya gyaɗa kai, ya rubuta wani abu a takarda. Da ta sauko ya tare ta. "Wannan tambayar ba a littafin sakandare kika samo ta ba. Wanda ya iya irin wannan tambaya shi muke nema."

Ta ce ta gode. Tambayar ba tata ba ce. Shekara huɗu da suka wuce ta ji ta a tsakar gida, ana yi wa Gazali ita da ƙarfi, ta shafe mako guda a laburare kafin ta samo amsar. Ta samo, ta ajiye abinta, ta ci gaba da cewa to.

Da aka tashi hutun azahar ta shige ɗakin malamai ta zauna a bayan kabad, ko abincin ba ta taɓa ba. Tana lissafin cewa in ta daure awa ɗaya za su gama su tafi, sauran kuma sai a gida. Ba a jima ba wata malama ta leƙo. "Dakta yana nemanki a bakin get."

Tun daga nesa ta ga abin da take gudu. An kware buhunan, fallayen uku suna jingine a fili suna ƙyalli cikin rana. Ba sai an gaya mata aikin wane ne ba, ga Filibus nan tsaye ya harɗe hannu, rigar amininsa a kafaɗa, yana kallonta ido cikin ido. Dakta Hayatu kuwa, da shaddarsa mai tsada, ya tsuguna a ƙasa ya cire tabarau, hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen.

Ba ta taɓa tsayawa ta dube su da kyau ba sai yau. Fallen tsakiya wata ne sak. Manyan ramuka da ƙanana, wasu a kan bakin wasu, wasu a jere kamar 'ya'yan carbi, har da mai ɗan tsauni a cibiya. Shekara shida na hutun rana da bai yi ba.

"Malama, zo ki ga abin mamaki," in ji Dakta. "Malam, ci gaba, ina jinka."

Arzika ya ajiye garkuwar, ya goge gumi da gefen 'yar shara. Bai dube ta ba. "Ranka shi daɗe, wanga rami da kaka gani, ba bugu na ba, wuta ta. In ka kusanto da tsinke, tun bai taɓa ƙarhe ba wuta ka tsallakawa. Duba bakinai, ya tashi. Duba tsakiya. In ka ja hannu kuma sai ta bi tana tsalle, ga su nan jere. To ni da nig ga hoton wata, sai nic ce wagga sana'ata ta."

"Wutar nan da take tsallakawa," in ji Dakta, "mu filasma muke ce mata. Iska ce da ta yi zafi har ta koma tana ɗaukar lantarki. Kuma ka san wani abu? Rana da kanta irin wannan ce, da taurari duka. Nan kam ba ka kauce ba."

Fuskar Arzika ta yi haske, ya dubi Filibus.

"Amma ramukan wata, Malam, ba ka yi daidai ba."

Khairiyya ta runtse ido. Ta jira dariyar.

Babu dariya. Dakta ya zauna sosai a kan bulo, ya shiga bayani kamar yana gaban manyan ɗalibansa. An je wata an ɗebo duwatsunsa, an yanka an duba, ƙwayoyin cikinsu a farfashe suke irin na mugun bugu, abin da ƙuna kaɗai ba ta yi. An sha ganin walƙiyar faɗuwar dutse a kan wata ta na'urar hangen nesa, har an taɓa bin wurin da hoto aka tarar da sabon rami inda da babu. Batun rana kuma, an aika na'urori sun auna, ba a ga wutar da ake cewa tana shigarta daga waje ba. Arzika yana saurare, ya karkata kai, yana murza guntun tsinken walda a hannu. Ba alamar ɓacin rai. Sai ma ya matso.

"To tsaya, ranka shi daɗe. Ni manomi na kahin in zama mai walda. In ka jehwa dutse cikin laka a karkace, ramin dogo shika yi. In duwatsu na, don mi dut ramukkan wata sunka zama kewayayyu? Ko dut daga tsaye sunka hwaɗo?"

Dakta ya buga cinya, ya fashe da dariyar jin daɗi. "Allahu akbar! Malam, ai tambayar nan ce Malama ta yi a zaure ɗazu, kamar kun haɗa baki! Malama, gaya masa. Kin fi ni iya faɗinta."

A karo na farko a ranar, Arzika ya juyo ya dube ta. Ba sama da kanta ba, ita.

Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta sunkuyar da kai tana kallon takalmansa na roba da tartsatsi ya huhhuda. Muryarta ta fito 'yar ƙarama. Ta ce gudun dutsen ne. Dutsen da hannu ya jefa tafiya yake yi cikin laka, shi ya sa yake jan rami. Na sama kuwa gudunsa ya fi na harsashi nesa ba kusa ba, in ya taɓa ƙasa ba ya samun damar tafiya, fashewa yake yi nan take kamar nakiya. Fashewar ce take haƙa ramin, ba dutsen ba. Ita kuwa fashewa ko'ina take turawa daidai, ko ta wace fuska dutsen ya zo.

Arzika ya dubi fallen. Ta ga leɓɓansa suna motsi, yana juya maganar yadda yake juya ƙarfe ya ga ta inda zai kama.

"Awa nakiyar masu hwasa dutse," ya ce a hankali. "Ramin kewayayye shika yi, ko ta ina anka sa ta." Ya gyaɗa kai. "Ta zauna. Wallahi ta zauna." Sannan ya ce, "Ashe an sani."

"An daɗe da sani," in ji Dakta, bai san inda maganar ta dosa ba.

"Shekara shidda, ranka shi daɗe, kowa 'to' shika ce min. Yau na ji wanda yac ce ban yi daidai ba. Na gode. Mahaukaci aka ce ma 'to'."

Filibus ya kau da kai ya dubi titi. Khairiyya ta ji hawaye ya cika mata ido, ta danne shi da ƙyar. Duk shekarun nan tana ganin rufa masa asiri take yi, ashe ajiye shi ta yi a gefe kamar yaron da ba a jayayya da shi.

Dakta ya miƙe yana karkaɗe riga. "Malam, bayaninka bai tsaya ba, amma idonka ya fi na rabin ɗalibaina. Da ka samu boko da mu ne muke zuwa wurinka. Kana da 'ya'ya a makaranta?"

"Akwai Gazali, akwai Zahra'u," in ji Arzika.

Haka yake lissafi tun tana goye, ba sabon abu ba ne. Amma yau ta kasa gane ko alkunyar ce, ko ƙaryarta yake rufewa.

"Allah ya raya su. Malama, a ina kika samo wannan bawan Allah? Kin san shi da ma?"

Ga ƙofa an sake buɗe mata, a wangale. Kalma biyu ce, mahaifina ne. Ta hango Madam Gloria tana tahowa, ta tuna abin da ta faɗa da safe, ta ga yadda fuskar Dakta za ta canja, ba don waldar ba, don ita. Da safe kunyar mahaifinta ta ji. Yanzu tsoron a san irin 'yar da take ne ya riƙe mata harshe, kuma wannan ya fi wancan muni, ta sani.

"Unguwarmu ɗaya," ta ce.

Filibus ya yi wani sauti a maƙogwaro, ya tafi ya kashe janareta da ƙarfin da bai kamata ba.

Madam ta iso tana fifita da takardar shirin taro. "Dakta, ana jiranka don raba kyaututtuka. A'a, har an gama? Baba, sannu da aiki. Ka nuna wa Malama Khairiyya, ita ce ta kawo ka, in ta gamsu shi ke nan." Ta ja baƙonta suka nufi zaure, yana waiwayen fallayen yana cewa lallai zai leƙo shagon wata rana.

Suka rage su uku da maigadi. Arzika ya kankare bakin ɗinkin waldar da guduma, ya shafa masa baƙin mai, ya naɗe wayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Filibus ya tsayar da keke, suka ɗora janareta da inji. Da ya kai hannu zai ɗauki fallen farko, Arzika ya ce, "Bar su nan. An ba ni amsa."

"Shekara shida, Arzika."

"Bar su. Ko yara sun gani."

Ya karɓi rigarsa, bai sa ba, ya rataya a hannu. Khairiyya tana tsaye daga cikin harabar, tana ta haɗa kalmomi suna warwarewa. Ta yi niyyar in ya zo wucewa ta durƙusa ta kama ƙafarsa, ko maigadi zai gani ya gani. Sai ya taka ya fita waje, ya juyo, ya tsaya daidai kamar yadda yake tsayawa gaban masu ba shi aiki, hannu ɗaya a ƙirji. Ya dube ta da jajayen idanun nan, babu fushi a ciki, da ma akwai.

"Malama Khairiyya," ya ce, "ƙohwa ta gyaru. A duba."

Shekara ashirin da bakwai tana son ta ji yadda sunan zai fito daga bakinsa. Ya fito daidai, bai yi tuntuɓe ko a harafi ɗaya ba, kamar wanda ya daɗe yana faɗinsa a zuci.

"Baba," ta ce.

"A duba," ya sake cewa.

Ta ɗora yatsa ɗaya a kan ƙyauren, ta ɗan tura. Ƙarfen da sai an sa masa kafaɗa ya tafi sumul, ko ƙara bai yi ba, ya je ya rufe, shi yana waje ita tana ciki.